Hattara da masu sayar da satifiket na AWS da Cisco "babu jarrabawa"

Jama'a, musamman ƙannena masu koyon rubuta manhaja, akwai wani talla da ke yawo a WhatsApp da Telegram: wai za a samo maka satifiket na AWS (sashen kamfanin Amazon mai ba da hayar kwamfutoci da ma'ajiyar bayanai ta intanet), ko Microsoft Azure (irinsa na kamfanin Microsoft), ko CCNA (shaidar ƙwarewa kan haɗa kwamfutoci su yi sadarwa) na kamfanin Cisco ba tare da ka zauna jarrabawa ba. Kai dai ka tura suna da rabin kuɗi zuwa asusun wani mutum, cikin mako guda takarda ta iso. Har hotunan satifiket na "waɗanda suka riga suka karɓa" suke turowa. Wallahi damfara ce tsagwaronta.

Na san abin da ke jan mutane, kuma ban ga laifin mai son shaidar ba. Kamfanin da ke Jamus ko Dubai wataƙila bai taɓa jin sunan jami'ar da ka gama ba, amma ya san AWS. Ga shi kuɗin jarrabawa da dala ake biya: matakin farko na AWS (Cloud Practitioner) dala 100, matakinsa na Associate dala 150, CCNA dala 300. Ga mai samun naira ko sefa wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, ga kuma fargabar faɗuwa bayan an biya. Da wannan fargabar suke kama mutum.

Abin da ba za su faɗa maka ba shi ne, mai ɗaukar aiki ba takardar yake dubawa ba. Wanda ya ci jarrabawar AWS ko Cisco ana ba shi alamar shaida a Credly, shafin intanet da ke tabbatar da irin waɗannan shaidu, ta Microsoft kuma tana cikin shafinsa na Microsoft Learn. Dannawa ɗaya za a ga sunanka, ranar da ka samu, da ranar da za ta ƙare, domin na AWS da CCNA shekara 3 suke yi. Takardar da aka tsara a kwamfuta ba ta cikin wannan rumbun. Ranar da aka nemi mahaɗin (link) shaidarka ka kasa kawowa, aikin ya tafi, kuma an san ka da ƙarya.

Waɗanda suka fi tayar min da hankali su ne masu cewa za su rubuta maka jarrabawar ta gaske. Kamfanin Pearson VUE ne ke gudanar da ita, a cibiya ko daga gida. Idan daga gida ne, sai ka ɗauki hoton katin shaidarka da na ɗakin da kake, kyamara a kunne, mai sa ido yana kallonka har ka gama. Su kuma za su ce ka saka AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka, ko makamancinta don su amsa tambayoyin daga nesa. Idan aka gano, ana soke sakamakon, ana iya hana ka sake zama. Ko ba a gano ba, ka miƙa wa baƙo fasfonka, kalmar sirrinka da ƙofar shiga kwamfutarka. Gobe zai iya dawowa ya ce ka ƙaro kuɗi ko ya tona maka asiri. Sannan ga intabiyu, inda za a ce buɗe kwamfuta ka gyara wannan kuskuren muna gani.

Baucan rangwame na rabin farashi daga hannun wanda ba ka sani ba, da tambayoyin jarrabawa da aka sato, su ma ku guje su. Araha ba ta ado.

Rajista a shafin kamfanin kansa ake yi. Microsoft Learn kyauta ne, AWS Skill Builder na da darussa na kyauta, shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 shi ma ba a biyan kuɗin horo. Wanda ya ci jarrabawar AWS ɗaya yana samun ragin rabin kuɗin ta gaba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yau, ya adana rasit da hotunan hirar, ya kai ƙara EFCC ko ofishin 'yan sanda. Idan ya bar su sun shiga kwamfutarsa, ya cire manhajar, ya sauya duk kalmomin sirrinsa daga wata na'urar daban.