Hattara da masu tallan ƙaramar na'urar haƙar Bitcoin mai "garanti"

Wani talla ke yawo a Telegram da Facebook, kuma ƙanena ya kusa faɗawa. Na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, da ɗan fanka da ƙaramin allo mai nuna lambobi suna gudu. Mai tallan ya ce jona ta kawai za ka yi da wuta da intanet, cikin wata shida ta haƙo maka bulok guda kai kaɗai, ladan Bitcoin 3.125 ya shiga walat ɗinka, wato asusunka na ajiyar Bitcoin. (Bulok shi ne sabon shafi a rajistar cinikin Bitcoin; injina ne ke gasar lalubo lambar da za ta samar da shi, wanda ya dace ya karɓi ladan, wannan gasar ake kira haƙa.) Har da hoton labarin wani da ya ci.

'Yan uwa, mu yi lissafi tukuna. Irin wannan na'ura ƙarfinta wajen terahash 1 ne, wato gwaji tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. Sai ka ji kamar abu ne babba. To amma a 2025 jimillar ƙarfin injinan da ke haƙar Bitcoin a duniya ya kai kimanin terahash biliyan 1. Rabonka a kowane bulok ɗaya ne cikin biliyan. Ana fitar da bulok kusan duk minti 10, wajen 144 a rana. Idan ka raba, matsakaicin jiranka ya kai shekara 19,000. Ko babban inji irin Antminer S21 mai terahash 200, wanda ke shan wuta wat 3,500, idan shi kaɗai yake haƙa sai ya yi jiran kusan shekara 95. Ina wata shida a nan?

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda suke ɓoye cewa jira ba ya taruwa. Na'urar ta shekara tana aiki dare da rana, ba ta matsar da kai ko taku ɗaya ba. Gobe ma daga farko take farawa. Ga shi duk bayan bulok 2,016, kimanin mako biyu, ana daidaita wahalar haƙar, injina suna ƙaruwa rabonka yana ƙanƙancewa.

Gaskiya ne, jefi-jefi mai ƙaramar na'ura yakan dace da bulok, kuma labarin ba ƙarya ba ne. Shi ne ƙugiyar da suke saƙala mutane da ita. Ba sa nuna maka dubban da suka jona tasu ba su ga ko sisi ba. Wanda ya saya don koyo, ya san abin da ya saya, ba ni da ja da shi. Wanda ya ce maka garanti ne, ɗan damfara ne.

Akwai kuma masu cewa ba sai ka sayi na'ura ba, su za su ba ka hayar ƙarfin haƙa daga rumbunsu. Ku tuna da HashFlare, kamfanin da ya yi irin wannan hayar: mutum biyu 'yan Estoniya da suka kafa shi sun amsa laifi a kotun Amurka a 2025, bayan sun sayar da kwangiloli na sama da dala miliyan 577, alhali ba su da injinan da suka ce suna da su. Lambobin da HashFlare ya riƙa nuna wa masu hayar a allo na bogi ne.

Na ce wa ƙanena ya tambayi mai tallan abu biyu: terahash nawa na'urar take da shi, kuma nawa ne jimillar na duniya yau. Bai amsa ba. Ya cire ƙanena daga zauren da yake tallan, ya goge tambayar.