Wasiƙa Daga Ƙasar Ƙanƙara: Sharhi a Kan Wani Littafin Hotuna na Yara

Na sayi littafin nan a wani shagon kayan makaranta da ke kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, a kan jika 6, bayan ƴata mai shekara 9 ta kwana biyu tana yi mini nacinsa saboda ta hango hoton bangonsa sa'ad da muka je sayen alli da littattafan rubutu. Da Faransanci aka rubuta shi, shafinsa 32 kamar yawancin littattafan hotuna na yara, kuma kowane shafi hoto ne ya cinye kusan dukansa, rubutun bai wuce layi uku ko huɗu ba. Labarin kuwa na yara biyu ne da malamansu suka haɗa su abota ta wasiƙa: yarinya a wani gari na Sahel da ba a faɗi sunansa ba, da yaro a ƙasar Kanada. Babu mai ba da labari a tsakani. Wasiƙun ne kawai suke bin juna, tun daga buɗe makaranta har zuwa babban hutu.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda marubucin ya mai da kowanne daga cikin yaran baƙo a wurin ɗan'uwansa, bai ɗora ɗaya a kujerar malami ya bar ɗaya a ƙasa yana sauraro ba. Misali mafi daɗi yana tsakiyar littafin, inda yarinyar ta rubuta cewa sanyi ya shigo garinsu har sai da mahaifiyarta ta dafa mata ruwan wanka, ta shafa mata mai a ƙafa saboda kaushi. Yaron ya amsa da cewa a wurinsu ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da sifili, kogi ya daskare har mutane suna tafiya a kansa, sannan ya tambaye ta ko wane launi ne ƙanƙarar garinsu. Ita kuma ta bayyana masa hazon hunturu, da yadda rana take fitowa fara kamar faranti har mutum ya iya kallonta ido da ido. A nan ƴata ta tsayar da ni ta ce, "Baba, ƙanƙarar tasu irin wadda muke saye da azumi ce, ko irin wadda take faɗowa da ruwan sama?" Sai da na yi shiru na ɗan lokaci, domin kalma ɗaya muke da ita ga duka biyun, ga kuma ta uku da ba mu taɓa taɓawa da hannu ba. Muka ƙare a kan cewa tasu ta fi kama da garin rogo mai sanyi da yake zubowa a hankali. Ban tabbata ta gamsu ba, amma washegari na ji tana yi wa ƙanenta bayanin da bakinta.

Abu na biyu da littafin ya yi da kyau shi ne nuna jira. Tsakanin kowace wasiƙa da amsarta akwai shafi guda marar rubutu ko kaɗan, inda ake ganin ambulan a cikin buhun gidan waya, ko a bayan mota, ko a cikin jirgi, yaran kuma kowanne yana leƙen hanya. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar da saƙon murya na WhatsApp yana isa Makka kafin a ajiye waya ba su san wannan ba. Mu da muka ga masu rubuta wa mutane wasiƙa zaune da teburinsu a bakin gidan waya, muka kuma ga ana naɗar gaisuwa a kaset a ba direba ya kai wa ɗan'uwa da ke ci-rani, mun san ɗanɗanon wasiƙar da aka yi wata guda ana dako. Shafi na ƙarshe ya kawo ɗan taƙaitaccen tarihi, cewa a Ingila aka fara manna tambarin biyan kuɗin wasiƙa a 1840, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira kan sarki, kuma a 1874 aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, wadda ta sa wasiƙa take ƙetare iyakoki da tambarin ƙasar da ta fito kaɗai. Bayanin daidai yake, kuma bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba.

Sai dai mai zanen bai yi wa ɓangarenmu adalci ba. Gidan yaron Kanada an zana shi da kulawa, har da lambar ƙofa da takalman da aka jera a bakin matakala. Gidan yarinyar kuwa bukka ce ta ciyawa a tsakiyar fili, ga raƙumin dawa yana miƙo wuya ta bayan danga, alhali a wasiƙunta ta ambaci kasuwa, da makaranta mai azuzuwa, da maƙwabcinsu tela. Ƴata ba ta taɓa ganin raƙumin dawa ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da garken da aka san Nijar da shi yana yankin Kure ne kusa da Yamai, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga nan. Da mai zanen ya ga ko da hoto ɗaya na unguwar Birni, da gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar zaure, da manyan duwatsun da suka tsaya a tsakanin gidaje, da ya sami abin da ya fi bukka cika ido. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin littafin da ya zo koya wa yara su tambayi juna kafin su yanke hukunci, shi da kansa bai yi tambaya ba kafin ya ɗauki alƙalamin zane.

Akwai kuma abin da na so a ce yarinyar ta faɗa wa abokinta. Mu nan abota tsakanin al'ummu ba baƙon abu ba ce. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, wanda kowane ɗan Damagaram ya tashi yana ji a kasuwa da wurin biki, yana cikin al'adar wasan dangi ta Nijar da hukumar UNESCO ta sanya a jerin gadon al'adun duniya a 2014. Layi biyu a kan haka da sun ba yaron Kanada abin mamaki fiye da raƙumin dawa.

Batun harshe shi ma abin dubawa ne. Faransancin mai sauƙi ne, amma duk da haka sai da na riƙa fassara kowace wasiƙa kafin yaran su yi dariya a inda ya kamata. A garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, saboda haka ban ga dalilin da zai hana a sami irin wannan littafi da Hausa a gefe ɗaya da Faransanci a ɗaya gefen ba. Takardar tana da kauri, launukan ba su zuba ba ko da hannu mai gumi ya taɓa su, amma ɗaurin ba shi da ƙarfi. Cikin mako uku shafukan tsakiya suka fara ficewa, sai da na kai wa mai ɗinkin takalma ya bi gindin da zare. Ga littafin jika 6, wannan aibi ne da ba zan ɓoye ba.

Zan ba iyayen yara masu shekara 7 zuwa 10 shawarar su saya, musamman idan akwai babba da zai zauna ya karanta tare da su, ya kuma gyara abin da hoton ya karkatar. Ga malaman firamare, kwafi ɗaya ya ishi aji guda. Ƴata dai ta yage takarda daga littafin lissafinta ta rubuta wa ƴar gwaggonta da ke Agadas, ta zana mata ƙofar fadar Sarkin Damagaram a ƙasan shafin, ta kuma ƙi yarda a ɗauki hotonta a tura ta waya. Ranar Litinin muka kai ta gidan waya, ita da kanta ta manna tambarin.