Ƙaramar na'urar binciken mota da matsalar sensan salansa: abin da na gani

Ni tsohon malamin makaranta ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma tun da na ajiye alli nake ɗan taɓa sayen riɗi da zoɓo, shi ya sa kusan kowace Alhamis ina kan hanyar kasuwar Maigatari. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2003, irin wadda aka shigo da ita daga Amurka. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, na ɗauki al'adar rubuta duk litar da na zuba a wani ɗan littafi da nake ajiyewa a aljihun mota. Wannan littafin ne ya fara tona matsalar, domin bayan ɗaukewar ruwan damina na lura man da ke kai ni Maigatari ya dawo da ni har ya yi saura, yanzu da ƙyar yake kawo ni gida. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, hayaƙin yana warin ɗanyen mai, sannan fitilar nan mai siffar inji ta kunnu a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa.

Makanikin da ke duba mini mota ya yi abin da aka saba yi. Ya canza fulogai, ya wanke nozul, ya cire kan batir na ɗan lokaci fitilar ta ɗauke, na biya na tafi, bayan kwana biyu ta dawo. Da na koma, wani direba da ke zaune a garejin ya ba ni shawarar in manna baƙin tef a kanta in huta, wai tasa ta fi shekara uku a kunne bai ga komai ba. Ban ga laifin makanikin ba, mutum ne mai gaskiya da ya koyi aiki a kan motocin kafireto, inda kunne da hanci ke wadatar da mai gyara. Ita kuwa wannan motar tana da ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, da ke ajiye ƙorafinta a rubuce, kuma babu wanda zai iya karanta shi a duk yankinmu.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Kano ne ya zo hutu da na'urar da nake wannan sharhi a kanta. Wata 'yar aba ce shuɗiya da ba ta fi akwatin ashana girma ba, an buga ELM327 a jikinta, amma babu sunan kamfanin da ya haɗa ta, domin yawancin waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne na ainihin ƙirar. Ana cusa ta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayar Android ta hanyar Bluetooth, sai manhaja irin su Torque ta nuna abin da ƙwaƙwalwar motar ke faɗa. Wannan kafar ta tsarin OBD-II ce, wanda ya zama wajibi ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Turai kuma ga motocin fetur daga 2001. Abin da ya fara burge ni shi ne, da zarar an sauke manhajar ba ta ƙara neman intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da sai an hau tudu ake samun sabis.

Lambobi biyu ta nuna mana. P0171 tana nufin ƙwaƙwalwa na ganin iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, P0131 kuma tana nufin sensan oksijin na farko, wanda ke gaba da abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, yana aiko da ƙarancin lantarki. Ina jin an ambaci sensa na ce shi ke nan, gobe a shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, a sayo sabo. Yaron ya ce, "Baffa, ka ɗan dakata. Lambar ta faɗi inda kukan ya fito ne, ba ta ce shi ne mai laifi ba." Na ɗauki maganar a matsayin iyayin ɗalibai, amma na bar shi ya ci gaba, kuma a nan ne na'urar ta biya kuɗinta.

Sai da na fahimci aikin sensan kafin hoton da ke motsi a fuskar wayar ya yi mini ma'ana. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Sensan yana zaune a cikin hanyar hayaƙi yana kwatanta oksijin da ya rage a hayaƙin da na iskar waje, sai ya samar da ɗan lantarki: kusan bolt 0.1 idan iska ta yi yawa, kusan 0.9 idan mai ya yi yawa, tsakiyar kuma wajen 0.45. Ƙwaƙwalwa tana ƙara mai ko ta rage bisa wannan rahoton, saboda haka lafiyayyen sensa a inji mai zafi ba ya tsayawa wuri ɗaya, layinsa hawa da sauka yake yi ba ƙaƙƙautawa kamar haƙoran zarto. Ba ya fara aiki sai ya ɗauki zafin da ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius, dalilin da ya sa biyu daga cikin wayoyinsa huɗu na abin ɗumama shi ne. Kamfanin Bosch ne ya ƙirƙiro shi, Volvo ta fara sa shi a mota a 1976, ke nan ya girmi yawancin direbobin da ke kiransa sabon iyayin Turawa.

Da injin ya yi zafi, layin namu ya kwanta a ƙasa, tsakanin 0.1 da 0.2, da ƙyar yake ɗagowa. A wani shafin kuma manhajar ta nuna adadin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa a kan ƙa'ida, wanda a lafiyayyar mota bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, namu ya haura 20. Ga inda kuɗina ke tafiya ke nan, ƙwaƙwalwa an gaya mata inji na jin ƙishirwa, ita kuma tana ta ɗura masa. Tambayar da ta rage ita ce ko sensan ya mutu ne yana faɗar abu ɗaya, ko kuwa yana da rai ana ruɗarsa. Yaron ya ce in taka totur da ƙarfi sau ɗaya in saki. Ina takawa layin ya yi tsalle ya kai kusan 0.9, sannan ya koma ya kwanta. Mataccen sensa ba ya irin wannan tsallen.

Abubuwan da ke sa sensa mai rai ya yi ta kukan iska ta yi yawa suna da dama, kuma na'urar ba ta zaɓa maka ko ɗaya. Ma'aunin iskar da ke bayan matatar iska yakan toshe da ƙura, musamman a hunturunmu, bututun roba yakan tsage ya riƙa zuƙar iska, famfon mai yakan yi rauni, balle ga wanda ke yawan sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu. Mun duba ma'aunin iskar da bututun ba mu ga komai ba. Washegari bayan sallar asuba, injin na da sanyi, na tayar da shi yaron ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan daƙiƙu, sai muka ji wani sauti tas-tas-tas yana fitowa daga bayan injin. Da muka haska da fitilar waya, ga wata siririyar tsaga a wuyan salansa, ɗan sama da mazaunin sensan, gefenta ya yi baƙi da tokar hayaƙi kamar gindin tukunya. Nan na tuna ramin da na faɗa a watan Agusta, ranar da ruwa ya shafe hanyar shiga garinmu na ji ƙasan motar ya daki wani abu. Mutum zai zaci tsaga hayaƙi kawai take fitarwa, alhali hayaƙin bugawa yake yi yana yankewa, kuma a tsakanin bugun tana janyo iskar waje ta wuce ta kan sensan. Shi kuwa abin da ya shaƙa yake faɗa.

A Gumel aka kwance wuyan salansar, mai walda ya ɗinke tsagar, aka sa sabon gasket. Na nace a cire kan batir kafin a taɓa motar, na kuma hana a shafa farin gam ɗin nan a wurin, domin hayaƙin silikon yana kashe sensa. Makanikina ya zo ya tsaya yana leƙen wayar, da ya ga layin ya fara hawa da sauka sai ya ce, "Malam, ashe motar tana magana, mu ne ba mu jin yarenta." Ƙarin man ya sauko ƙasa da kashi 10 bayan tafiyar kwana biyu.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce na tsira da kuɗin sensa, amma ba haka aka yi ba. Bayan kamar mako guda fitilar ta sake kunnuwa da sabuwar lamba, P0133, wadda ke nufin sensan yana jinkirin amsawa. Da na sake kallon layin da kaina, domin yaron ya koma makaranta, na ga yana hawa da sauka amma cikin kasala, ko da na riƙe injin a juyi 2,500 a minti, inda ya kamata ya riƙa sauyawa da sauri. Mai wayarin ya auna wayoyin ɗumamawar da mita ya ce lafiyarsu lau, ya duba fis da soket babu tsatsa. Saura tsufa da kuma watannin da ya yi yana shaƙar baƙin hayaƙi. Wani ya ce a jiƙa shi a fetur a goge, na ƙi, domin abin da ke lalacewa yana ciki ne inda goga ba ta kaiwa. Na kuma ƙi ɗan Beljiyam, tun da babu wanda ya san shekarun da ya yi a wata motar. Na aika da tsohon sensan zuwa Kano aka samo sabo na Denso mai soket iri ɗaya, ba wanda sai an yanka waya an haɗa ba, aka ɗaura shi da sifana mai lamba 22. Duk da haka da na fara da sayen sensan, da tsagar tana nan, sabon ma zai yi kukan da tsohon ya yi, ni kuma in zargi mai shago da sayar mini da jabu.

Na'urar tana da aibu, kuma bai kamata in ɓoye su ba. Takan yanke hulɗa da waya ba gaira ba dalili, sai an zare an mayar. Idan ka buɗe ma'aunai da yawa a lokaci guda takan yi nauyi, har layin lafiyayyen sensa ya yi kama da na mai kasala, saboda haka a bar shi shi kaɗai a fuskar wayar yayin gwaji. Kafar da ake cusa ta tana da wuta ko an kashe mota, na taɓa manta ta a ciki kwana biyar sai da aka tura ni. Komai na manhajar da Turanci ne, kuma bayanin kowace lamba layi ɗaya ne tak. Maƙwabcina ya kawo tsohuwar Golf ɗinsa irin ta haya, ƙirar Turai ta kafin 2001, na'urar ta ƙi ganinta sam, wanda babban rashi ne a yankin da irin waɗannan motocin ne ke ɗaukar jama'a zuwa kasuwa. A motata ma injin kaɗai take karantawa, ba ta shiga sashen birki. Masu Toyota da suka fi tawa sabunta su sani cewa da yawansu sensan farko na wani nau'i ne daban da ba ya wannan hawa da saukar, kada su ga layi a miƙe su ce ya mutu.

Abin da na fi jin tsoronsa a jikinta shi ne maɓallin goge lamba. Yana kashe fitila nan take, yana kuma share bayanin da ƙwaƙwalwa ta adana na yanayin da injin yake ciki lokacin da matsalar ta faru, wato zafinsa da gudunsa da adadin man da ake ƙarawa. Na riga na ga wani matashi a tasha yana karɓar kuɗi yana danna wa direbobi wannan maɓallin, suna tafiya suna murna. Ni dai ina kwafe lamba da bayaninta a littafin man nan kafin in goge.

Ga mai motar fetur 'yar Amurka daga 1996 zuwa sama da ke zaune nesa da birni, ina ganin ta cancanci kuɗinta, wanda bai kai abin da na kashe a kan fulogai da wankin nozul ba, da sharaɗin zai zauna ya koyi karatun layin sensan da adadin ƙarin mai. Tawa yanzu rabin mako tana wurin makanikina, ya sa yaronsa mai sakandare yana karanta masa Turancin. Alhamis huɗu ke nan ina zuwa Maigatari in dawo da man da na saba zubawa a da, fitilar ba ta sake kunnuwa ba.