Confusion Na Wa: Don Ali Nuhu na zauna, dariya mai ɗaci na tashi da ita

Sunan Ali Nuhu ne ya ja ni. Na daɗe ina jin cewa fim ɗin Confusion Na Wa ya lashe kyautar fim mafi kyau a bikin AMAA, wato bikin kyaututtukan fina-finan Afirka, na 2013 da aka yi a Yenagoa, amma ina ta ɗage kallonsa, domin a tunanina fim ɗin da alƙalan biki suka yaba yawanci na sa barci ne. Ranar Asabar da daddare, bayan yara sun kwanta, na kunna shi a kwamfuta. Ban tashi ba sai da ya ƙare.

Kenneth Gyang ne ya ba da umarni, ɗan Filato da ya yi karatun fim a Jos, kuma daga waƙar Fela Kuti aka samo sunan. Babu wani babban kamfani a bayansa. Tallafi ya samu daga asusun Hubert Bals na bikin fina-finai na Rotterdam a ƙasar Holan, kuma a 2014 aka nuna shi a bikin fina-finan Afirka na birnin New York.

Labarin kwana ɗaya ne a wani gari da ba a faɗi sunansa ba. Wasu zauna-gari-banza biyu, Charles da Chichi, suka tsinci wayar wani mai kuɗi, Emeka, wanda Ramsey Nouah ya fito a matsayinsa. Da suka leƙa saƙonni sai suka gano yana neman matar wani, suka ce to, kasuwa ta buɗe, sai ya biya kafin su yi shiru. Matar kuwa ta Bello ce, wato Ali Nuhu.

A nan na gyara zama. Mun saba ganin Sarki Ali a Kannywood cikin babbar riga, yana magana ana sauraro. Bello kuwa bawan Allah ne da kowa ke takawa: a ofis a jibga masa aikin wasu, a gida matarsa ta raina shi, shi kuma sai sunkuyar da kai. Akwai inda na yi dariya har na dafe ciki, bayan ɗan lokaci kuma kunya ta kama ni, don na san irin wannan mutumin, akwai shi a kowane ofis. Ban taɓa ganin Ali Nuhu ya ƙasƙantar da kansa haka don labari ba, kuma ya yi masa kyau.

Wanda ke neman barkwanci irin na marigayi Ibro, a bi wani da gudu a faɗa kwata, ba zai samu ba. Dariyar tana cikin hira ne, musamman surutun OC Ukeje, wanda ya fito a matsayin Charles, da abokinsa Chichi da Turancin buroka, suna fassara duniya da fim ɗin yara na zakuna kamar wasu malamai. Kana cikin dariya sai a nuna maka Charles ya aikata ta'asa ga wata yarinya, dariyar ta maƙale a wuya. Sakayyar ma ba kan mai laifi ta faɗa ba.

Ƙarancin kuɗi ya nuna kansa a wasu wurare, inda na riƙa ƙara sauti don in ji abin da ake cewa. Ɓangaren wani mai gidan jarida da ke wa ɗansa wa'azi shi ma ya ɗan ja tsawo.

Ba fim ɗin falo ba ne. Akwai maganganun batsa da zancen neman matan aure, kada ka kunna shi gaban iyaye ko yara. Ni dai na ba shi huɗu cikin biyar, kuma washegari na koma na sake kallon wuraren Bello kaɗai.