Ɗakin haɗa sauti na Badariya da ya raba mini faɗan bas da kik

Sana'ata DJ ce a wuraren biki, a gida kuma ina ɗan taɓa haɗa kiɗa da manhajar kwamfuta ta FL Studio. Kwanakin baya wata 'yar uwata ta roƙe ni waƙar amarya. Na haɗa kiɗan, wani makaɗi ɗan Argungu ya buga mini kalangu na gaske, mawaƙi ya hau. A hedfon daɗi kamar me. Ranar kamu a Jega da na saka ta a manyan sifiku, sai ƙasan kiɗan ya zama kunu. Kik, wato bugun babbar ganga, ba ya dukan ƙirji, bas kuma, wato kaurin sautin da ke ƙasan kiɗa, sai gurnani kamar tsohon janareto. Na ƙara murɗa bas a mikisa, abin ya ƙara dagulewa, mata suka tsaya da rawa suna harara ta.

Wani abokina ya tura ni wani ɗan ƙaramin situdiyo a Badariya, nan cikin Birnin Kebbi. Ɗaki ɗaya ne, an manna soso a bango, sifikun aiki biyu, fanka a kashe saboda ƙara. Mai wurin yaro ne, bai kai shekaruna ba. Ya saurari waƙar sau ɗaya, ya ce, "Yaya, wanga bas da kik ɗinka kujera guda suke faɗa a kai."

Ya nuna mini a allo. Ƙarfin kik ɗina yana zaune wajen Hz 60 (Hz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), bas kuma yana yawo tsakanin 50 da 100. Duk lokacin da suka faɗo tare, ko su taru su cika sifika har ta shaƙe, ko igiyoyin sautinsu su ci karo su rage wa juna ƙarfi. Shi ya sa ƙara murya bai amfane ni ba.

Maganin da ya yi shi ne abin da suke kira saidcen. Ni ina jin sunan, amma na ɗauka sai an sayi wata manhaja mai tsada. Ashe Fruity Limiter da ke zuwa tare da FL Studio ya isa. Ya ɗora shi a layin bas, ya juya shi zuwa ɓangaren kwamfiresa mai danne ƙarfin sauti, sannan ya aika siginar kik zuwa layin bas ba don a ji ta a can ba, don dai ta zama mai ba da umarni. Da kik ya buga, bas ya rusuna kamar yaro ya ga dattijo ya shigo zaure, da kik ya wuce ya miƙe. Ya sa rashiyo, wato yawan dannewa, a 4:1, ya sauke maƙurar da dannewar ke farawa har bas yana raguwa da dB 4 zuwa 5 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) a kowane bugu, saurin kamawa kuma kusan nan take.

Inda na san yaron yana da kunne shi ne wajen sakin, wato lokacin da bas ke ɗauka kafin ya miƙe. Waƙar tana gudu a bugu 110 a minti, wato tsakanin bugu da bugu milisakan 545 ne. Da farko ya bar sakin ya yi tsawo, sai kiɗan ya riƙa numfashi kamar zugazugin maƙera. Na ce masa wannan na gidan rawar Turawa ne, ba na kamun amarya ba. Bai yi musu ba, ya yi ta ragewa yana rufe ido har ya tsaya wajen milisakan 120. A nan ba ka jin bas yana sunkuyawa ko kaɗan, kik kawai kake ji ya fito tas, bas na biye da shi a manne.

Sai maganar get, wato ƙofar sauti. Wannan kishiyar wancan ce: ƙofa tana rufe, ba ta buɗewa sai sauti ya kai wani ƙarfi. A kalangu ta yi aiki sosai, don ranar da muka ɗauka akwai ƙarar inji daga maƙwabta, ƙofar ta share ta a tsakanin bugu. Sai da ya sassauta rufewar, domin daɗin kalangu yana cikin jelar nan da ke lanƙwasa idan makaɗi ya matse tsirkiya, ka datse ta ka kashe maganar gangar.

Ya kuma gwada ƙofar a kan bas, kik ya zama mabuɗi, ta yadda bas ba ya fita sai tare da kik. Lallai ya gyara wuraren da yatsana ya riga bugu a fiyano. Amma dogayen sautukan baiti sun zama guntu-guntu, ban so ba. Muka bar ta a amshi kaɗai, inda ake son tsalle.

Abin da ban ji daɗi ba: ya ce kwana uku, sai da na yi mako ina zarya. Sau biyu na je babu wuta, shi kuma ba ya yarda ya yi aiki da janareto a bayan taga. Ba kujerar baƙo, a kan jarka na zauna. Kuma bai kawo maganar sifikar waya ba sai da na tambaya, alhali yawancin masu jin waƙar ta WhatsApp za ta same su, waya kuwa ba ta iya fitar da sautin Hz 60. Da na faɗa, sai ya ɗan ƙazanta bas ɗin kaɗan don ya sami rassa a sama, wato siraran sautukan da waya ke iya fitarwa, aka fara jin sa a waya.

Naira 15,000 ya karɓa, ya ba ni fayil ɗin aikin gaba ɗaya ban roƙa ba. Ranar Asabar na saka waƙar a wani biki a Gesse, da sifikun nan dai na Jega, maɓallin bas yana tsakiya ban taɓa shi ba. Sau uku uwar amarya ta aiko a maimaita.