Ranar Kafara da Gicciye: Haruna Yana Tsaye, Almasihu Ya Zauna

A zamanin Tsohon Alkawari, sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, wato 10 ga wata na bakwai, babban firist na Isra'ila yakan shiga Wuri Mafi Tsarki, ɗaki na can ciki a alfarwar sujada. Littafin Firistoci sura 16 ya tsara komai dalla-dalla. Zai yi wanka, ya sa tufafin lilin, ya fara yanka bijimi saboda zunubinsa da na gidansa. Bunsuru biyu kuma a jefa musu ƙuri'a: ɗaya a yanka, ɗayan a ɗora masa laifin jama'a a kore shi jeji. Jinin, da yatsa zai yayyafa shi sau bakwai gaban murfin akwatin alkawari, hayaƙin turare na rufe wurin don kada ya mutu. Ba wasa ba ne. Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna babban firist na farko, sun kawo wutar da ba a umarta ba, nan take suka halaka.

Raunin tsarin shi ne maimaitawa: firist kullum yana tsaye, aikinsa bai ƙare ba. Baɗi sai an sake, don jinin dabba ba ya wanke lamiri, firist ɗin ma mai zunubi ne.

Yesu kuwa daga kabilar Yahuza yake, ba Lawi kabilar firistoci ba, shi ya sa Wasiƙar Ibraniyawa ta danganta firistancinsa da Malkisadik, sarki kuma firist na zamanin Ibrahim. Bai buƙaci bijimi don kansa ba. Da jininsa ya shiga, sau ɗaya tak, sa'an nan ya zauna. Abin da ya fi taɓa ni: gawar dabbobin a bayan zangon Isra'ilawa ake ƙonewa, shi ma a bayan ƙofar Urushalima ya sha wuya.