Wata uku ina amfani da Digital Wellbeing, ga abin da na gani

Wannan abin ya fi shekara yana zaune a setin ɗin wayata ban taɓa danna shi ba, sai da na kai matsayin da in waya ta yi ƙara gabana yake faɗuwa, in kwanta ƙarfe goma sha ɗaya amma barci sai wajen biyu, ido na raɗaɗi kai na sarawa kuma ban iya ajiye ta ba. Digital Wellbeing dai tsari ne na Google da ke nuna maka lokacin da kake ci a waya ya kuma taimaka maka ka rage, sun fito da shi a 2018 lokacin Android 9, kyauta ne kuma yawancin wayoyin Android na yanzu da shi suke zuwa, ba sai ka sauke komai ba. Masu iPhone ma suna da irinsa, Screen Time, shi ma 2018 ya fito.

Ranar farko da na buɗe, wani da'ira ne ya bayyana da launi-launi, kowace manhaja da yankinta, a tsakiya kuma jimillar lokacin da na ci a ranar. Awa bakwai da 'yan mintuna. Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don da an tambaye ni da awa uku zan ce kuma har zuciyata na yarda da hakan. A ƙasa ya rubuta sau nawa na buɗe wayar da yawan sanarwar da ta shigo min, kuma gaskiya adadin buɗewar nan ya fi awannin taɓa ni, don yawanci ba wani abu nake nema ba, hannu ne kawai ya saba, in ɗauka in duba in ajiye bayan minti biyar in sake. A nan na gane me ya sa ko ina zaune da mutane hankalina rabi ne.

Abin da ya fi min aiki shi ne tsarin lokacin barci. Ka sa masa lokaci, ni ƙarfe goma na sa, da ta buga sai sikirin ɗin gaba ɗaya ya koma baƙi da fari kamar tsohuwar talabijin, sanarwa kuma ta yi shiru. Da farko na raina shi, na ce cire launi me zai hana ni? Ashe launin nan shi ne rabin tarkon. Jan ɗigon nan da yake kan manhaja yana ce maka akwai saƙo, in ya koma toka-toka ba ya kiranka kamar da, bidiyo ma sai ya zama lami, ka kalli biyu uku ka ji ya ishe ka da kanka ba wanda ya tilasta maka. Dama haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta melatonin, sinadarin da jiki ke saki don ya shirya barci, to ga haske ga labaran tashin hankali kana ta ja ba ƙarshe, ta ina barci zai zo? Yanzu kafin sha ɗaya da rabi na yi nisa, kuma faɗuwar gaban nan ta ragu sosai.

Tsorona ɗaya lokacin shi ne kar wani abu ya taso da dare a neme ni a rasa. Sai na ga ana iya zaɓar lambobin da kiransu zai shigo ko an rufe sauran, kuma duk wanda ya sake kira cikin minti 15 zai samu shiga. Na sa mahaifiyata da ƙannena, hankalina ya kwanta.

Akwai kuma tsarin mayar da hankali, ka zaɓi manhajojin da ke ɗauke maka hankali ya dakatar da su lokacin aiki, in ka matsu ya ba ka hutun minti 5, 15 ko 30. Yana da kyau, da safe nake kunna shi.

Wanda bai kamata mutum ya ɗora masa buri da yawa ba shi ne mai ƙayyade lokacin manhaja. Ka ce minti 30 a rana, in ya cika tambarin ya dushe ya ƙi buɗuwa sai sha biyun dare ya sake sabon lissafi. Amma fa makullin yana hannunka, danna biyu uku ka shiga setin ka goge shi, kuma satin farko na goge ya fi sau huɗu. Abin da ya gyara min shi ne na daina yanke lokacin da yawa a tashi ɗaya, daga awa biyu na koma ɗaya da rabi, bayan sati biyu na koma ɗaya, a haka ya zauna.

Kuma don Allah wanda damuwarsa ta kai ba ya iya cin abinci ko fita aiki, ko ƙirjinsa na ɗaurewa kullum, ya ga likita, wannan ba magani ba ne. Amma in irin tawa ce ta waya ta cinye maka dare da natsuwa, ka buɗe shi yau ka kalli lambar nan tukuna ko ba ka saita komai ba. Tawa jiya awa uku da minti ashirin ta nuna.